ASUSUN 'YAR'UWA DA MAKARANTAR ƘAUYEN BACTAD

Duk wadda ta yi sakandare a nan Arewa tsakanin shekarun 1970 zuwa farkon na 1980, ko kuwa tana da yaya ko gwaggo da ta yi, da wuya a ce ba ta taɓa jin labarin malaman nan 'yan ƙasar Filifin ba. Yawancinsu gajeru ne, ga baƙin gashi mai santsi, ga fara'a, su ne masu koyar da lissafi da kimiyya, yara kuwa sai su riƙa ce musu 'yan Sin ko 'yan Japan saboda ba su san bambanci ba. Gwamnatoci ne suka ɗauko su kwangila lokacin da kuɗin man fetur ya shigo, aka buɗe makarantu ko'ina alhali babu isassun malamai. Da tattalin arziki ya karye sai akasarinsu suka tattara nasu ya nasu suka tafi. To ni tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a ka ita ce, ƙasar da ita ma ba wata mai kuɗi ba ce, ƙasar manoma shinkafa da masunta, ina ta samo malamai har suka ishe ta ta ba wasu aro?

Amsar tana da rassa da yawa, amma akwai reshe guda da in kika bi shi zai kai ki wani ɗan ƙauye mai suna Bactad. Labarin wannan ƙauye da makarantarsa nake son mu yi hira a kai yau, 'yar'uwa, don haka in kin gama aikin gidanki gyara zama.

Ita dai Filifin tarin tsibirai ce fiye da 7,000 a cikin teku, can gabashin duniya, kudu maso gabas da ƙasar Sin. Tsibirin da ya fi girma shi ne Luzon, a nan babban birninsu Manila yake. In kika bar Manila kika nausa arewa tafiyar kilomita kamar 180, za ki iske kanki a lardin Pangasinan, a wani gari da ake kira Urdaneta. Garin kasuwa ne sosai, ya yi suna wajen kayan gwari, kuma yana da babbar kara inda ake cinikin shanu da ɓauna. Kada ki ji an ce ɓauna ki ɗauka irin ta dajinmu ce mai faɗa. Tasu ta gida ce, mai sanyin hali, da ita suke huɗa a cikin taɓon shinkafa, yaro ƙarami ma yakan hau bayanta ya kai ta wanka. Bactad kuwa ɗaya ne daga cikin ƙauyukan da ke kewaye da garin, 'yan kilomitoci kaɗan daga tsakiyarsa. A zamanin da labarinmu ya faro gidajen irin waɗannan ƙauyuka na gora ne, a ɗaga su bisa dirkoki saboda ruwa, a yi musu jinka da ganye.

Sunan da suke kiran ƙauye da shi ma tarihi ne. Suna cewa barangay, kuma kalmar ta samo asali daga sunan wani jirgin ruwa na kakanninsu, balangay. Kafin zuwan Turawa haka suke zaune, gidaje talatin zuwa ɗari a ƙarƙashin shugaba guda da ake kira datu, kamar dai mutanen da suka shigo jirgi ɗaya. Da Turawan Sifen suka kafa mulki a 1565 sai ƙauye ya koma barrio a bakinsu, kuma suka sake wa zaman mutane fasali. Suka tsara garuruwa a kan cewa a tsakiya akwai fili, a gefensa coci da gidan hukuma da gidajen masu hali, ana son kowa ya zauna inda zai riƙa jin ƙarar ƙararrawar coci. Wanda ke kusa da ƙararrawa shi ne ɗan gari, shi ke samun duk abin da ya zo. Manomi kuwa ba zai bar gonarsa ba, don haka yana can nesa, sai ran kasuwa ko ran biki ya shigo. Ki riƙe wannan magana ta nisa, domin ita ce gaba ɗayan labarin.

An kafa garin Urdaneta a 1858. Da yawa daga cikin waɗanda suka sare dajin yankin suka mai da shi gonaki 'yan ƙabilar Ilokano ne da suka gangaro daga arewa, inda ƙasar noma ta yi musu kaɗan. Mutane ne da aka san su da aiki tuƙuru da tattali, har sauran ƙabilu na tsokanarsu da rowa, irin dai wasan da ke tsakanin Kanawa da Zazzagawa. A 1863 gwamnatin Sifen ta yi doka cewa kowane gari ya sami makarantar firamare ta maza da ta mata. Dokar ta yi kyau a takarda, sai dai gari aka ce, ba ƙauye ba. Makarantar tana can gindin ƙararrawa.

Bayan shekara 333 Sifen ta sha kashi a hannun Amurka, ta miƙa mata ƙasar a 1898 a kan dala miliyan 20, sai ka ce gona ake sayarwa, ba tare da an tambayi masu ƙasar ba. Mutanen Filifin ba su yarda ba, aka yi yaƙi mai muni na 'yan shekaru, aka kashe jama'a masu yawa. Amma ko maƙiyinka ne in ya yi abin kirki sai a faɗa: Amurkawa sun ɗauki sha'anin makaranta da gaske. A watan Agusta na 1901 wani jirgin ruwa mai suna Thomas ya sauke malamai Amurkawa wajen 500 a Manila, maza da mata, aka rarraba su larduna. Aka mai da Turanci harshen koyarwa, abin da ya sa ke nan daga baya malamansu suka iya zuwa har ƙasarmu su koyar ba tare da tafinta ba. Sannu a hankali ƙananan azuzuwan firamare suka isa ƙauyuka. Manyan azuzuwa suna cikin gari. Sakandare ta gwamnati kuwa, wadda aka fara kafawa daga 1902, a hedkwatar lardi take, guda ɗaya tal ga lardi sukutum.

To a nan gizo ke saƙar. Hedkwatar Pangasinan ita ce Lingayen, a bakin teku, tafiyar kilomita kamar 40 daga Urdaneta. A yau wannan ba komai ba ne, mota za ki shiga. Amma ki auna shi a wancan zamani, a gidan manomin da ba ya ganin tsabar kuɗi sai bayan girbi, kuma sau da yawa ma gonar ba tasa ba ce, raba amfanin yake da mai ƙasa. In yaronsa zai yi sakandare sai ya koma Lingayen da zama shekara huɗu. A nema masa ɗakin haya ko gidan da zai zauna, a riƙa aika masa shinkafa, a biya kuɗin makaranta, a saya masa littafi da takalmi da tufafin shiga mutane. Ga kuma hannu guda da aka rasa a gona. Gidan da ke da 'ya'ya bakwai, in sun yi ƙoƙari ƙwarai, ɗaya za su iya turawa. Sauran shidan fa? Su ne za su yi noman da za a ciyar da shi. Kuma ke ma kin sani, ba sai na faɗa miki ba, uwa ta fi sakin jiki ta tura ɗa namiji garin da ba ta da kowa a kan ta tura budurwar 'yarta. Ba wai yaran ƙauye ba su da kai ba ne, ko kusa. Hanya ce ta yi musu tsawo.

A cikin wannan hali aka haifi Pedro Orata a Bactad, ran 27 ga Fabrairu, 1899, ɗan manoma. Shi ne Allah ya ba rabon zuwa Lingayen. Bai gama sakandare ba sai a 1920, yana da shekara 21, wato shekarun da a wurinmu wani ya riga ya aje iyali, amma da ya tashi gamawa shi ya zo na ɗaya a ajinsu. Daga nan kuma sai ina? Gwamnati tana da tsarin tura wasu ɗalibai Amurka da kuɗinta, amma shi ba ta wannan ƙofa ya bi ba. 'Yar'uwarsa ce ta fito da kuɗin da ta daɗe tana tarawa, aka biya masa kuɗin jirgin ruwa.

Bari in ɗan tsaya a nan, don ni duk cikin labarin babu inda ya fi taɓa ni kamar wannan wuri. A ƙauyukan Filifin asusunsu na gargajiya gaɓar gora ce ko ƙoƙon kwakwa, a tsaga ɗan baki a riƙa jefa kwabbai, kamar yadda muke yi da na ƙasa ko na katako. Duk macen da ta taɓa aje asusu ta san abin da ke cikinsa ba kuɗi kaɗai ba ne. Akwai zanen da kika gani a kasuwa kika kau da kai, akwai ɗan kunnen da ƙawayenki suka saya ke kika ce ba yanzu ba, akwai ƙwalamar da kika danne. Kuma kowace mai asusu akwai abin da take ƙudurce da shi a ranta ran da za ta fasa. Ita wannan baiwar Allah ta fasa nata ta miƙa wa ɗan'uwanta, ya hau jirgi ya tafi ƙasar da ba ta taɓa gani ba, ba ta da tabbacin ko zai dawo. Littattafan tarihi suna ambatonta a layi ɗaya ko biyu su wuce zuwa ga digirorinsa. Haka dai aka saba yi wa mata.

A al'adarsu wannan ba baƙon abu ba ne. Har gobe a gidajen talakawan Filifin, wanda ya fara samun abin hannu a cikin 'ya'ya shi ke ɗaukar nauyin karatun sauran, kuma sau da yawa nauyin a kan mace yake faɗawa. Suna kuma da wata magana, utang na loob, ma'anarta bashin da ke cikin zuciya, wato alherin da aka yi maka wanda ba a rubuta shi ba, ba a kai ka kotu a kansa, amma kuma ba ka taɓa gama biyansa.

A Amurka Orata ya sha wuya irin ta baƙo marar gata. Ya yi wanke-wanke, ya yi leburanci, da haka ya riƙa biyan kuɗin karatu. Ya yi digiri na farko da na biyu a Jami'ar Illinois, ya kuma sami digirin dakta a fannin ilimi a Jami'ar Jihar Ohio a 1927. Ya koma gida ya yi aikin ilimi, ya sake komawa Amurka, har ya shugabanci wata makaranta a cikin 'yan ƙabilar Sioux, 'yan asalin ƙasar da Turawa suka ture gefe, a jihar Dakota ta Kudu. A can ya gwada abin da zai zame masa aƙida, cewa makaranta ba ta da amfani in ta juya wa rayuwar garin da take ciki baya. Yana gida Filifin Yaƙin Duniya na Biyu ya iso.

Yaƙin nan kuwa ta ƙofar gidansu ya shigo. Sojojin Japan ta gaɓar tekun Lingayen suka sauka a Disamban 1941, kuma da Amurkawa suka dawo ƙwatar ƙasar a Janairun 1945 ta nan ɗin dai suka sauka. Garuruwan lardin suka sha ruwan bama-bamai. Da ƙura ta lafa, ga samari da 'yan mata birjik waɗanda karatunsu ya tsaya shekara uku, ga iyaye babu ko sisi, zancen tura yaro Lingayen ma bai taso ba. Sai Orata ya tara masu ilimin da ke Urdaneta, kowa ya kawo abin da ya sani, aka buɗe sakandare a cikin wani coci da yaƙi ya yaye wa rufi. Ɗalibai kimanin 350, malamai 15, babu isassun littattafai, babu kujerun kirki. Wannan makaranta ta 1945 ita ake lissafawa a matsayin sakandaren jama'a ta farko a ƙasar da aka buɗe a wajen hedkwatar lardi, kuma tana nan har yanzu. Kilomita 40 suka koma 'yan kilomitoci.

Wani da nan zai tsaya ya ce ya yi mai wuyar. Shi ma ɗin aiki ya ɗauke shi zuwa birnin Faris na Faransa, inda ya yi fiye da shekara goma a hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO. Amma da ya yi ritaya ya dawo gida sai ya ga ashe tsugune ba ta ƙare ba. Ƙasa ta sami 'yancin kai tun 1946, garuruwa da yawa sun sami sakandare, amma ɗan ƙauye yana nan inda aka bar shi. Ya gama aji shida yana ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku, shi ke nan. Ya yi ƙanƙanta da neman aiki, gari ya yi nisa da zuwa kullum a ƙasa, balle da damina ta sauka hanya ta zama kogi, su kuwa a watan Yuni suke buɗe shekarar karatu, daidai lokacin da ruwa ke kankama. Makarantun kuɗi na coci da na 'yan kasuwa kuma sun fi ƙarfin aljihun manomi. Gwamnati in an je mata amsa ɗaya ce, babu kuɗi.

A 1964, yana da shekara 65, ya zo wa mutanen ƙauyensu da wata shawara. Ba wata dabara ce mai zurfi ba, har ma in kin ji ta sai ki ce ai ni ma da na yi wannan tunanin. Ya ce mu duba abin da muke da shi a hannu. Muna da ginin firamare, kuma ba kowace sa'a ake amfani da kowane aji ba: akwai lokacin da yara ke lambu, akwai lokacin da suke filin wasa ko ɗakin koyon sana'a, akwai bayan an tashi. To manyan yara su shiga a waɗannan lokuta. Muna da malaman firamare da wasunsu ke da takardun da suka isa su koyar a sakandare, a ƙara musu ɗan alawus su koyar, a ɗauko 'yan kaɗan na cikakken lokaci. Shugaban firamare ya taimaka da sa ido, babbar sakandaren gari ta zame mata uwa, manhaja ɗaya, ma'auni ɗaya. Ba a gina komai ba, ba a sayi fili ba. Saura kuɗin biyan malamai.

Nan ne abin ya burge ni. Iyaye za su biya kuɗin makaranta, amma kaɗan, tunda babu kuɗin haya babu na mota babu na abincin waje. Kuma ba a bar uba shi kaɗai da nauyin ba, an ce shi ɗalibin ya nemo kuɗin karatunsa da hannunsa. Kowane yaro da yarinya su kama wata sana'a a gida: wannan ta yi kiwon kaji, wancan ya yi lambun kayan miya, wani ya yi kiwon alade. Kada ki yamutsa fuska, mutanen wannan yanki Kiristoci ne, Musulmin ƙasar suna can kudu, a Mindanao da Sulu, alade a wurinsu kamar tunkiya ce ko akuya a wurinmu. Dabba ta girma a sayar, a biya makaranta, a sayi wata ƙarama. Malamin aikin gona kuma ya bi gida-gida ya duba, sana'ar ta zama darasi. Kayan gwajin kimiyya da babu kuɗin saye, malamai da ɗalibai suka riƙa harhaɗawa da gwangwani da kwalba da gora. In kin duba da kyau, asusun nan ne dai na 'yar'uwarsa ya dawo, sai dai yanzu kowane yaro da nasa, ba sai wata ta fasa nata dominsa ba.

Makarantu huɗu aka fara da su na gwaji a lardin, ɗaya a Bactad, ɗalibai 'yan ɗaruruwa. Ki kwatanta yadda safiyar gidan manomi ta koma. Yarinya ta tashi ta taya uwarta hura wuta, ta ba kajinta tsaba, ta ɗauki littafinta ta taka zuwa makarantar da ake hango rufinta daga ƙofar gida, ta dawo ta kwana a ɗakin uwarta. Uban da da zai zaɓi ɗaya cikin bakwai, yanzu ba sai ya zaɓa ba. Har waɗanda suka daɗe da barin karatu suka sami damar komawa aji.

Ba a rasa masu suka ba, kuma don Allah ba duka sukar ce ta hassada ba. Masu makarantun kuɗi sun ga ana janye musu ciniki, wannan kam a fili yake. Amma akwai masana da suka ce wannan araha ce za ta hana sayen nagari: malamin da ya wuni da 'yan firamare ya gaji, ina ƙarfin da zai koyar da lissafin sakandare? Ina ɗakin karatu, ina ɗakin gwaji? Ba za a yaye yara da takarda a hannu babu komai a ka ba? Amsar masu goyon baya ita ce, yaron Bactad ba zaɓi aka ba shi tsakanin makaranta mai kyau da marar kyau ba, zaɓinsa tsakanin wannan ne da babu, kuma da babu gara ba daɗi. Ni dai a nawa ganin kowanne ɓangare yana da gaskiyarsa, sai dai masu sukar 'ya'yansu suna makarantun birni.

Kafin ka ce kwabo abin ya bazu kamar wutar daji. Ƙauye ya ga na maƙwabta sun yi, shi ma ya tashi. Cikin shekara biyar sai da majalisar ƙasa ta bi sahu, ta yi doka mai lamba 6054 a watan Agusta na 1969, wadda ta amince da sakandaren ƙauye a hukumance. Dokar ta ce majalisar ƙauye na iya neman buɗe makaranta in an sami ɗalibai aƙalla 40, amma ba a buɗe ta a cikin gari ba, ko kusa da wata sakandaren da ke akwai da ƙasa da kilomita uku. Kin ga nan an share wa masu makarantun kuɗi hawaye. A tsakanin nan kuma, a 1966, tsohon bai zauna ba, ya jagoranci buɗe kwalejin jama'a a Urdaneta don waɗanda suka gama sakandare, wadda yanzu ta zama jami'ar birnin. A 1971 aka ba shi lambar yabo ta Ramon Magsaysay, wadda ake ɗauka ita ce mafi girma a nahiyar Asiya. Littafin da ya fitar a 1972 a kan waɗannan makarantu ya ba da labarin ɗalibai 250,000. Daga makarantu huɗu, cikin shekara takwas.

Sai dai fa abin da masu suka suka hango bai ƙi faruwa ba. Makarantar da ke rayuwa a kan aljihun manomi, duk abin da ya sami gona ya same ta. Ƙasarsu kuwa ƙasar guguwar teku ce, kusan ashirin ke ratsa yankinsu a shekara. In guguwa ta kwantar da shinkafa iyaye ba su biya ba, in iyaye ba su biya ba malami bai ga albashi ba. Malaman sakandaren ƙauye sun daɗe suna karɓar abin da bai kai na takwarorinsu na gwamnatin tarayya ba, ga jinkiri, don haka wanda ya sami hanya sai ya gudu. Ƙauye mai hali makarantarsa ta yi kyau, ƙauyen matalauta tasa ta yi ta rarrafe. A 1974 Shugaba Marcos ya soke sunan barrio ya maido da tsohon sunan nan barangay, makarantun ma suka canza suna, amma canjin suna bai biya malami ba.

Wadda ta raba gardamar mace ce, kuma matar aure irinki. Corazon Aquino ba 'yar siyasa ba ce tun asali, da bakinta takan ce ita uwargida ce kawai. An harbe mijinta a filin jirgin saman Manila a 1983, jama'a suka tsai da ita takara, a Fabrairun 1986 aka kori Marcos ta hau mulki. Sabon tsarin mulkin 1987 ya wajabta wa gwamnati ba da ilimin sakandare kyauta, kuma a watan Mayu na 1988 ta sa hannu a doka mai lamba 6655. Aka soke kuɗin makaranta a sakandaren gwamnati, gwamnatin tarayya ta karɓi makarantun ƙauyuka ta ɗauki albashin malamansu. Gwamnatin da a 1964 ta ce babu kuɗi, bayan shekara 24 ta zo ta tarar manoma sun riga sun kafa mata makarantu a lunguna, nata kawai ta karɓa.

A yau a Filifin 'yan mata sun fi samari kammala sakandare, kuma galibin malaman makarantunsu mata ne. Amma akwai wani gefen da ba zan ɓoye miki ba. Ƙauye ya ilimantar da 'ya'yansa, ƙasa kuwa ba ta tanadar musu aikin da zai ishe su ba. Tun daga 1974 gwamnati ta mai da tura ma'aikata ƙasashen waje wata hanyar samun kuɗin shiga. Cikin wannan guguwa malaman nan suka zo mana. In kin taɓa zuwa aikin Hajji ko Umara ciwo ya kai ki asibiti, da wuya ba ki ga nas 'yar Filifin ba. Wasu kuma da takardar koyarwa a jaka suke aikatau a Riyad ko Hong Kong, suna renon 'ya'yan wasu, nasu suna can ƙauye a hannun kaka. Kuɗin da suke aikawa gida ya haura dala biliyan 30 a shekarar 2023, kuma kaso mai tsoka a cikinsa kuɗin karatun ƙanne da 'ya'ya ne. Wato dai har yanzu 'yar'uwa ce ke fasa asusu, bambancin kawai yanzu ita ce ke hawa jirgin.

Orata ya ga dokar 1988 da idonsa. Ya rasu ran 13 ga Yuli, 1989, yana da shekara 90. Urdaneta ta zama birni a 1998, kwalta da lantarki sun isa ƙauyukanta, gidajen bulo da rufin kwano sun maye gurbin yawancin na gora, da dama da kuɗin 'ya'yan da ke ƙasashen waje aka gina su. Daga 2016 aka ƙara wa sakandaren ƙasar shekara biyu ta koma shida. Makarantar Bactad da ta fara da aron azuzuwan firamare yanzu tana da nata gine-ginen, kuma sunan Pedro T. Orata ne a rubuce a ƙofarta.